Rumbun waƙa a gida ko sauraro kai tsaye ta intanet: wanne ya dace da falona?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina da amfilifaya da sifika biyu masu kyau a falona a Unguwar Rimi. Yanzu ta waya nake saka waƙa, wani lokaci Spotify wani lokaci Audiomack, sai in haɗa ta Bluetooth. Ban da wannan ina da faya-fayan CD wajen kwali biyu, da kaset-kaset na marigayi mahaifinmu, waƙoƙin gargajiya da karatu, sai kuma abin da na tara a memori shekara da shekaru. Wani abokina ya ce muddin ban sayi saba ta musamman da ake tara waƙa a cikinta ba, to har yanzu ban ji ainihin muryar sifikokina ba. Kuɗin da ya ambata ya kusa na babur. Shin da gaske saba ta fi sauraro ta intanet daɗin sauti? In haka ne, wacce zan saya?" Daga wani mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Tambayar taka biyu ce a dunƙule. Ta farko, a ina waƙar za ta zauna, a gidanka ko a wurin kamfani? Ta biyu, ta wace hanya za ta bi ta isa sifika, kuma me ke samunta a hanya? Daɗin sauti kusan gaba ɗayansa yana cikin ta biyun ne, saba kuwa amsar ta farkon ce. Abokinka ya yi gaskiya da ya ce ba ka gama jin sifikokinka ba, amma ba rashin saba ne ya hana ka ba. Duk da haka, saboda waɗannan kwalaye da kaset-kaset da ka ambata, zan ba ka shawarar ka haɗa saba. Sai dai ƙarama, mai araha, kuma don wani dalili daban da wanda ya faɗa maka.

Yadda abin yake

Saba kwamfuta ce kawai, ƙarama ko babba, mai ɗauke da faifan ajiya, tana zaune a kusurwar gida tana jiran a ce mata miƙo waƙa kaza. Ana haɗa ta da rautar gidan, wato akwatin da ke raba Wi-Fi, kai kuma ka riƙa zaɓen abin da kake so ta wayarka. Su ma Spotify da Boomplay da Apple Music saba gare su, sai dai tasu tana can nesa, kuma ba a isa gare ta sai an bi ta layin kamfanin sadarwa an ƙona data. Daga ko wacce waƙar ta fito, lambobi ne take zuwa da su. Wata 'yar na'ura ta karɓe su, ta miƙa wa ɓangaren da ake kira DAC, shi kuma ya mayar da lambobin su zama sautin lantarki, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, sifika ta motsa iska, kunnenka ya ji.

Kamar mai rijiyar burtsatse ne a gida da mai jiran famfo. In asalin ruwan ɗaya ne, rijiyar ba ta ƙara masa garɗi. Abin da ta ba ka shi ne ranar da famfo ya ƙafe kana da abin sha, amma gyaran inji da wankin tanki duk a wuyanka suke.

Batun daɗin sauti

Tun fitowar faifan CD a 1982, ma'auninsa bai canja ba: yana ɗaukar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, da zurfin bit 16, wanda ya kama kilobit 1,411 a daƙiƙa. Wannan ma'auni ya rufe duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji, don kunnen yaro mai lafiya ma a wajen motsi 20,000 a daƙiƙa yake tsayawa, namu na manya kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. Akwai tsarin FLAC da ke naɗe wannan sauti ya rage masa girma zuwa kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. Akwai kuma irin su MP3 da AAC, waɗanda ke yar da wani ɓangare na sautin da suke ganin kunne ba zai lura ba, don fayil ɗin ya ƙanƙance. Abin da aka yar ya tafi ke nan. Ko ka mayar da MP3 zuwa FLAC, girma kawai ka ƙara masa.

To in fayil ɗin da ba a zubar masa da komai ba ɗaya ne, ko daga sabar ɗakinka ya fito ko daga ta Apple Music, wadda tun 2021 take ba da sauti marar matsi, lambobin da za su isa DAC iri ɗaya ne. Hanyar sadarwa tana duba kowane ƙunshi, wanda ya lalace a sake turo shi, kuma na'urar tana tara sautin 'yan daƙiƙu a gaba kafin ta fara kaɗawa. Shi ya sa in netwok ya yi rauni waƙa tsayawa take yi, ko manhajar ta sauka zuwa ƙaramin ma'auni. Ba ta zuwa da siririyar murya don ta yi doguwar tafiya.

A aikina na haɗa kayan sauti a gidaje da ɗakunan taro, in mutum ya dage nakan saka masa waƙa ɗaya ta hanyoyin biyu, ta DAC ɗaya, in daidaita ƙarar da ma'auni, in sa ya juya baya. Da wuya ka samu wanda zai wuce kirdado. Amma fa mutanen da suka ce sun ji bambanci a gidajensu ba ƙarya suke yi ba, dalilin ne suka ɗora a inda ba nan yake ba. Mafi yawa ƙara ce: duk wadda ta ɗan fi ƙarfi, ko da kaɗan ne, kunne zai ce ta fi daɗi, kuma Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi da kansa in ba ka kashe wannan ba. Wani lokaci kuma waƙar ce ba bugu ɗaya ba, ta faifan an gyara ta a wata shekara, ta intanet an sake gyara ta daga baya an matse ta. Sai ma'aunin manhajar: Spotify na kyauta a kilobit 160 yake tsayawa, na biya ya kai 320 ko fiye, kuma in an bar shi yana zaɓa da kansa yakan sauka ƙasa ba tare da ya sanar da kai ba. Waƙoƙinmu na Hausa da yawa ma tun daga wanda ya ɗora su a matse suke, don daga MP3 ɗin da ta sha yawo a wayoyi aka ɗora.

Inda sautinka yake zubewa yanzu

Bluetooth ne babban maƙoshin da ya shaƙe maka sifika. Duk abin da ka tura ta cikinsa sai ya sake matse shi. Tsarinsa na gama-gari, SBC, yawanci bai wuce kilobit 328 ba, kuma yakan yi ƙasa da haka in akwai bango ko nisa. Ka ga ke nan waƙar da aka riga aka matse an sake matse ta a karo na biyu. Wani tsarin, LDAC na Sony, ya kai 990, amma sai waya da mai karɓa duk sun san shi. Ga kuma kira da saƙo da ke faɗowa cikin waƙa. Maganin wannan shi ne 'yar na'urar da ke jawo waƙa ta Wi-Fi da kanta, irin su WiiM, ko ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da aka saka wa manhajar Volumio ko moOde. Da Spotify Connect, na'urar ce ke ɗauko waƙar daga intanet, wayarka ta zama rimot kawai, ko ka fita da ita ƙofar gida kiɗa ba zai tsaya ba. Wannan canji shi kaɗai zai ba ka mafi yawan abin da abokinka yake maka alkawari, a kan kuɗi kaɗan.

Na biyu wuta ce, kuma a nan Kaduna ita ta fi ba ni aiki. Gidaje da yawa ba su da wayar wuta ta ƙasa, wato earth, mai kyau. Da ka haɗa kwamfuta mai caja a jiki da amfilifaya da kebul, sai ka ji wani gunji a ƙasan waƙa, wannan motsin wutarmu ne na 50 a daƙiƙa yake kutsowa. Inbata mai arha, wadda ba ta fitar da wuta mai santsi, takan sa taransifomar amfilifaya ta riƙa kuka, ta kuma yi zafi. Ƙaramin janareta ma haka. A irin wannan gida ne ake saka saba mai tsada a ji sauti ya gyaru, alhali abin da ya faru shi ne an cire kwamfuta mai hayaniya daga jikin amfilifaya. Wayar haske, wadda ake kira oftikal, tana yin wannan aikin, don haske take ɗauka, babu ƙarfe tsakanin na'urorin biyu balle gunji ya bi. In amfilifayarka ko DAC ɗinka na da wannan ƙofa, gwada ta kafin ka sayi komai.

Na uku ɗakin ne kansa. Falon tayil da bangon siminti ba labule mai kauri ba kafet, sauti yana ta karo da bango yana dawowa. Ja sifikokin gaba kaɗan daga bango, ka daidaita nisansu da inda kake zama, ka shimfiɗa darduma mai kauri a tsakani. Ban shiga falonka ba, don haka ba zan ce maka ga daidai inda za su tsaya ba, sai ka riƙa matsawa kana saurara. Amma na tabbata bambancin da za ka ji a nan ya fi na kowace saba.

Lissafin data da netwok

Ga inda saba ta fara samun bakin magana. A kilobit 320, awa ɗaya tana cin mega 144. In kana sauraron awa uku kullum, wajen giga 13 ke nan a wata. In ka koma sauti marar matsi irin na CD, awa ɗaya takan ci tsakanin mega 300 da 400, a wata ka doshi giga 30 ko fiye. Wanda ake kira mai ƙololuwar inganci, bit 24 da ɗauka 192,000, ya haura giga 2 a awa ɗaya, kuma da fanka na juyawa da janaretan maƙwabci na ruri ba abin da za ka tsinta a cikinsa. Ka tuna kuma a farkon 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Mutumin da ke maimaita karatu ɗaya ko waƙoƙi ɗari ɗin da ya saba da su kullum, yana sake sayen abu ɗaya ne kowace safiya.

Sabar gida ba ta cin data ko ta kwabo. Mutane da yawa ba su san cewa Wi-Fi na cikin gida yana aiki ko babu kuɗi a layin ba. Muddin rauta na kunne, waya da saba da na'urar falo suna magana da juna. Mu a nan mun ga amfanin wannan a ƙarshen 2021 da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna na tsawon makonni, haka kuma a watan Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, netwok ya rikice a faɗin ƙasa.

Za ka ce ai ana iya sauke waƙa a cikin manhaja a saurara ba data. Gaskiya ne, kuma ga mai sauraro a waya ko a mota ya wadatar. Amma waƙar a kulle take, ba taka ba ce. Spotify yana so ka hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, kuma ranar da ka daina biya ta rufe. Sannan na'urar falo mai Spotify Connect ba ta ɗauka daga abin da ka sauke a waya, intanet take komawa ta jawo sabo.

Kaset ɗin mahaifinku

Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa na ce ka haɗa saba. Manhajojin nan sun cika da sababbin waƙoƙi, na gida da na waje, kuma wajen gano sabon mawaƙi babu abin da ya kama ƙafarsu. Amma tsoffin waƙoƙin makaɗan fada, na taushi da kotso, na kalangu da gurmi da kuntigi, waƙen noma, karatun malaman da aka ɗauka a zaure da 'yar rikoda, yawancinsu ko dai babu su a can, ko kuma akwai guntu-guntu da sunan da ba daidai ba. Irin abin da iyayenmu suka riƙa ɗauka daga Rediyon Najeriya Kaduna a kan kaset, wani ma wataƙila kwafin da ke kwalinku yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a hannun mutane. Kaset kuwa ba ya jira. Zafin watan Maris da Afrilu, laimar damina da ƙurar hunturu suna cin zaren a hankali, wata rana ka saka ya manne ko ya tsinke. Faifan CD ma yana karcewa.

Don haka aikin farko ba sayen na'ura ba ne, kwashe waɗannan ne. Faifan CD ka kwafe shi zuwa FLAC da manhajar Exact Audio Copy, kyauta ce, kuma tana sake karanta wurin da ya karce har ta samu daidai. Kaset kuma sai ka nemi rikoda mai lafiya, a goge kanta da sifirit, a duba bel ɗinta don kada ta riƙa jan murya, a haɗa ta da kwamfuta a ɗauka da manhajar Audacity. Ka ajiye ɗaukar farko yadda take, da shuuu ɗinta da komai, ka yi gyara a kan kwafi. Na sha ganin an goge hayaniya da ƙarfi har muryar mawaƙi ta koma kamar daga cikin tulu, kuma an riga an share ta asalin. In za ka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, kada ka kunna ka ɗauka da saƙon murya.

Ga wahalar da ba a faɗa wa mai sayen saba: rubuta suna. Faifan waje da ka saka, manhaja za ta nemo sunan mawaƙi da na waƙa da hoton bango da kanta. Namu kuwa mafi yawa babu su a rumbunan da manhajar ke nemowa, da hannu za ka rubuta. Abin da masu turi suka loda maka a memori ma sai ka ga rabi sunansa lamba ce kawai, ko sunan shagon da ya tura. Manhajar Mp3tag tana sauƙaƙa aikin, amma sai ka zauna. Ka tsayar da rubutu ɗaya ga sunan kowane mawaƙi, in ba haka ba saba za ta raba maka mutum ɗaya gida uku. Duk abin da aka rubuta a bayan kwalin kaset, shekara, gari, wanda aka yi wa waƙar, ka shigar da shi. In akwai dattijo a gidanku da ya san waɗannan, ka zaunar da shi ku saurara tare tun yana nan, don abin da ke kansa ba ya cikin kowace manhaja.

Wata magana a gefe: mawaƙan da ke raye suna da haƙƙi. Sabar gida ba hujja ba ce ta tara kayan da ba a biya ba. Wanda waƙarsa ke kan manhaja, saurare ta can ko ka saya daga hannunsa.

Abin da zan haɗa maka

Faifan ajiya na tera 1 yana ɗaukar faifan CD sama da 2,000 a FLAC, ka ga kwalayenka ba za su cika ko kusurwarsa ba. Ka zaɓi SSD, don ba shi da abin da ke juyawa a ciki, ya fi jure jijjiga, kuma ba ya yin ƙara. Kwamfutar da za ta riƙe shi, in kana da tsohuwar laftof da batirinta bai mutu ba, ta isa, har ma ta fi, don in an ɗauke wuta batirin zai riƙe ta kafin inbata ko inji ya karɓa. In babu, Raspberry Pi 4 ba ta wuce wat 3 zuwa 7 ba, ƙasa da ƙwan fitila ɗaya, sola ko ƙaramin batir zai kwana da ita. Tsohuwar kwamfutar tebur kuwa kada ka fara, wutar da za ta sha ya ninka wannan sau goma ko fiye, ga ƙarar fanka. Akwatunan saba da ake saya a haɗe, na Synology da QNAP, suna da kyau ga mai son tara hotuna da bidiyon iyali gaba ɗaya, amma dole ka haɗa musu UPS, wato batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta.

Manhajar saba akwai na kyauta masu kyau: Lyrion, wadda a da ake kira Logitech Media Server, da Navidrome da Jellyfin, duk suna aiki ba intanet. Plex yana da kyan gani, sai dai yakan nemi intanet wajen shiga asusu in ba a saita shi tun farko ba, ka kula da wannan. Roon na kuɗi ne, da dala ake biya, yana haɗa waƙoƙin gida da na intanet wuri ɗaya cikin tsari mai ban sha'awa, amma ƙarfinsa yana kan bayanan waƙoƙin waje ne, a kan kaset ɗinku ba zai ƙara maka komai ba. In duk wannan ya yi maka yawa kuma falo ɗaya kake sauraro, akwai hanya mafi sauƙi: na'urorin jawo waƙa da yawa suna da ƙofar USB, ka soka SSD ɗin kai tsaye, ka zaɓi waƙa ta waya. Saba ta daban tana amfani ne in ana so a ji a falo da ɗakin uwargida da wayoyin yara lokaci ɗaya.

Ka haɗa saba da rauta da kebul, kada ka bar ta a kan Wi-Fi, musamman a gidan bulo mai kauri. Ka ɗora ta inda iska ke shiga, ba cikin rufaffen kabad ba, ka riƙa busa mata ƙura lokacin hunturu. Ka sa abin kare hawan wuta, kuma in hadari ya haɗo da tsawa, zare filogi ya fi kowace kariya. Kada ka yarda wani ya buɗe maka ita ga intanet don ka ji daga ofis sai wanda ya san tsaro sosai, ya fi sauƙi ka kwafi abin da kake so a waya ka fita da shi.

Jerin sayayya kuwa, fara da 'yar na'urar Wi-Fi ka rabu da Bluetooth, ka gyara wuta da zaman sifika, ka ci gaba da biyan manhaja ɗaya don sababbin waƙoƙi. Farashin kayan nan dala yake bi, sai ka tambaya a shagunan lantarki na Ahmadu Bello Way ko Kasuwar Gumi ranar da ka shirya, kuma ka gwada faifan ajiya a kwamfuta kafin ka biya, don akwai na jabu da ke nuna tera 1 alhali cikinsa bai kai ba. Faifan kuma biyu za ka saya, ba ɗaya ba. Na farko a jikin saba, na biyu ka kwafe komai a ciki ka kai gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa, kana sabunta shi duk bayan 'yan watanni. Kaset ɗin asali ma kada ka zubar bayan ka kwashe, ka jera su a tsaye cikin kwalinsu a ɗaki mai sanyi, nesa da sifika, don maganaɗisun da ke cikinta yana goge zare.